Ya dage sai ya sa wa ɗanmu Ilham, ni kuma duk Ilham ɗin da na sani mace ce

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki sakaya sunana. Ina da ciki wata takwas, na fari, sikanin ya nuna namiji ne in sha Allah. Rigimar suna ce ta taso mana tun kafin a haihu. Maigidana ya yi digiri na biyu a Indonesiya, a can ya yi wani aboki ɗan ƙasar mai suna Ilham, shi ya yi jinyarsa lokacin da ya kwanta asibiti sati uku ba kowa nasa a kusa. Bayan ya dawo gida da shekara biyu aka sanar da shi abokin ya rasu, tun ranar ya ce in Allah Ya ba shi ɗa namiji sunan zai maida. Ni kuma Anti ina koyarwa a Islamiyya, ajina kaɗai Ilham uku ne duk mata, 'yar yayata ma Ilham. Da na ce masa sunan mata ne sai ya buɗo min wani shafi a waya wai na maza da mata ne, wai har shugaban ƙasa akwai mai sunan. Hajiyarsa kuma ta ja ni gefe ta ce in lallaɓa shi ya sa sunan mahaifinsa marigayi, ita bazata iya kiran jikanta da sunan 'yan mata ba, kuma kar in ce ita ta ce. Yau kwana huɗu daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Da gaske maza na amsa sunan nan? Daga ina ma ya fito? Ko ni ce nake ƙauyanci?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya sauke ki lafiya Ya raya abin da za ki haifa, abokin maigidanki kuma Allah Ya jiƙansa Ya saka masa da wannan jinya da ya yi. Ba ƙauyanci kike ba sam, abin da kunnenki ya saba ji kika faɗa kuma kunnen kusan duk wanda yaron zai taso a cikinsu haka zai ji. Amma bari in gaya miki tun da wuri dan kar ki koma ki sake ja da shi a inda zai kayar da ke: a maganar ko maza na amsa Ilham, shi ke da gaskiya.

Sunan Larabci ne tsantsa. Kin san ilhami da muke faɗa da Hausa, a ce wane an yi masa ilhami, wato Allah Ya jefa masa wani abu a zuciya ba tare da wani ya koya masa ba? To kalmar kenan, mu muka ƙara mata wasali a ƙarshe yadda bakinmu ya saba. Ke da kike malamar Islamiyya ma kin fi ni kusa da ita, tana cikin Suratush Shams aya ta 8, “fa alhamaha fujuraha wa taƙwaha”, kuma nan ne kaɗai wannan tushen kalmar ya zo a Alƙur'ani, a siffar aiki ya zo ba a siffar suna ba. Ita kanta kalmar ba ta ɗauke da alamar mace ko ɗaya, irin su Ihsan ce da Iman da Ikram, sunan wani hali ne ko wata baiwa, mutane ne daga baya kowace ƙasa ta ja shi ɓangaren da ta ga dama. Ma'anarsa dai ba inda za a kushe ta.

Toh ga yadda aka ja shi. A Masar da Maroko da Iran galibi mata ne, akwai ma fitacciyar 'yar fim ɗin Masar Ilham Shahin wadda ta daɗe ana ganinta, kuma ta wannan hanyar ta ƙasashen Larabawa sunan ya shigo mana shi ya sa ya shigo a na mata, tare da ayarin su Amal da Hanan da Iman da suka cika makarantu yanzu, kakanninmu ba su san su ba. Amma ki nufi gabas ko ki haura arewa sai labari ya juye. Shugaban Azabaijan da maigidanki yake nufi shi ne Ilham Aliyev, tun 2003 yake kan mulki bayan mahaifinsa. A Indonesiyar da ya zauna sunan maza ne na yau da kullum, Habibie da ya shugabanci ƙasar daga 1998 zuwa 1999 babban ɗansa Ilham ne. Akwai kuma Ilham Tohti, masanin tattalin arziki ɗan ƙabilar Uighur da Chaina ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2014. Kinga kenan mutumin da ya yi shekaru yana jin ana kiran maza masu gemu Ilham, in kika ce masa sunan mata ne kawai, shi a kansa kamar kin ce masa Bashir sunan mata ne.

Kuma wallahi mu ma muna da namu a gida, ba ma lura ne. Nura fa? A nan ki ce Nura kowa namiji zai hango, daga Nuruddin muka gutsuro shi, amma a Saudiyya Nura mace ce, babbar jami'ar mata da ke Riyad ma sunan Gimbiya Nura 'yar Abdurrahman aka sa mata, 'yar uwar Sarki Abdul'aziz. Ƙanina Nura da muka je Umara tare, mai ba da makullin ɗaki a masaukinmu ya riƙe takarda yana ta leƙa bayansa yana neman Hajiyar da ake ce wa Nura, shi kuma gashi tsaye a gabansa da gemu har ƙirji yana nuna kansa, har yau in muna son tsokanarsa Hajiya Nura muke ce masa. Gambo kuma namu ne na gargajiya kuma kowa na amsawa tunda duk wanda ya biyo tagwaye ne, ga Hajiya Gambo Sawaba ga Muhammadu Gambo Jimeta da ya riƙe sufeto janar na 'yan sanda. In kika koma zamanin sahabbai abin ya fi haka ban mamaki. Hindu da muke sa wa mata, ɗan Nana Khadija da ta haifa kafin aurenta da Manzon Allah (SAW) sunansa Hindu ɗan Abu Hala, shi ne wanda Sayyadina Hassan ya tambaya ya siffanta masa kakansa. Akwai sahabi namiji Asma'u ɗan Harisa. A cikin masu ruwayar hadisi na Bukhari akwai Juwairiyya ɗan Asma'u, shi namiji ubansa namiji, yau ki kawo wannan suna a katin gayyata a ce kuskuren mai bugawa ne. Dan haka maganar haramci ko saɓa wa addini kar ma ki ɗauko ta, ba ta da ƙafa.

Shafin da ya nuna miki a waya kuwa, ni ban cika ba irin waɗannan shafukan muhimmanci ba kuma zan gaya miki dalili. Yawancinsu lissafin wasu ƙasashe suke kwasowa, musamman na Amurka inda hukumarsu ke fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara tun daga na 1880, kuma ko a can sai suna ya kai jarirai 5 a shekara yake shiga jerin. Ingila ma suna fitar da nasu, a nan ne aka ga Muhammad ya zo na ɗaya a sunayen maza na Ingila da Wales a 2023. Duk wannan yana gaya miki abin da ke faruwa a asibitocinsu ne. Yaronki kuma ba a can za a kira sunansa a layin asambuli ba. Rajistar ajinki mai Ilham uku duk mata ta fi wancan shafin sanin unguwar da zai taso, dan haka in ana maganar yawan masu suna da jinsinsu, tambayar farko ita ce a ina, kuma a nan inda muke Ilham na mata ya yawaita, na maza kuwa da wuya ki yi karo da shi.

Nan ne gaskiyarki take kuma ba ƙarama bace. Suna uba ke zaɓa amma ɗa ke ɗauka, shi zai yi ta amsa shi har tsufa. Ki hango shi yana aji biyu na firamare, sabuwar malama ta buɗe rajista ta ce Ilham, yarinya ta miƙe shi ma ya miƙe, aji ya kwashe da dariya, kin san yara ba su da birki, kafin a tashi tara wani ya laƙa masa 'yar Ilham ko Anti Ilham kuma irin wannan laƙabin har jami'a yake bin mutum. Wani yaron zai shanye ya maida abin wasa kamar ƙanina, wani kuma zai tsani sunansa ya riƙa ɓoye shi, kuma ba ke ba shi ba wanda ya san wane iri za ku haifa. Sai kuma takardu, wanda ni ya fi damuna. Ma'aikacin da ke cike fom ɗari a rana in ya ga Ilham hannunsa da kansa zai tafi gidan mace, in ba a lura ba kuskuren ya shiga takardar haihuwa, daga nan ya bi NIN, ita kuma NIN tun 2021 sai da ita ake rajistar JAMB, ga fasfo ga banki duk suna kallon juna. Gyaran harafi ɗaya a waɗannan wuraren duk wanda ya taɓa yi ya san zirga-zirgar da ke ciki, balle canza suna gaba ɗaya da sai an yi rantsuwa a kotu an buga a jarida.

Kuma duba yadda suna ke faɗowa a bakin mutane ba bidi'ar 'yan zamani bace. Uwar Muminai Juwairiyya asalin sunanta Barra, ma'anarsa mai kyau ce, amma Manzon Allah (SAW) ya canza mata, a ruwayar Muslim an ce ba ya son a riƙa cewa ya fita daga wajen Barra. Ma'ana ba ta da laifi, yadda zai fito a zancen mutane aka duba. Wannan hujjar ita za ki riƙe, ta fi “sunan mata ne” ƙarfi nesa ba kusa ba. Malamai da yawa sun ce in aka yi saɓani uba ke da haƙƙin raɗa suna, wannan haka yake kuma gara ki san da shi, amma uwa ba 'yar kallo bace, matar Imrana ce da bakinta ta ce “na sa mata suna Maryam” a Ali Imrana aya ta 36. Shawara kike da ita, kuma shawarar wadda ta ɗauki ciki wata tara ba a wofintar da ita.

Yanzu bari mu zo kan shi maigidan, dan inaga duk wannan tarihin da na zubo ba shi ne asalin ciwon ba. Mutumin nan bashi yake ji a wuyansa. Wani ya zauna da shi sati uku a ƙasar da ba uwa ba uba, ya dawo bai samu ya rama ba sai labarin mutuwa ya riske shi, ƙila ko jana'iza bai samu ba, ko kabarin bai taɓa gani ba. Abin da ya rage masa ya yi wa abokin nan shi ne takwara. Ranar da kika ce sunan mata ne, ke suna kike magana a kai, shi kuma abin da ya ji shi ne an yi wa mamacinsa dariya. Shirun kwana huɗun nan ni ban ɗauke shi na taurin kai ba, na wanda aka taɓa wa gyambo ne. Ban ce ya kyauta ba fa, mai ciki wata takwas ba a barinta da shiru a gida ko me ta faɗa, wannan kam ya gaza kuma in da shi ya rubuto min da na gaya masa. Amma ke kika rubuto, kuma ke ce za ki iya buɗe ƙofar cikin sauƙi.

Ki samu lokacin da ya ci ya huta, kar ki fara da suna kwata-kwata. Ki ce ya ba ki labarin Ilham, ya suka haɗu, me yake kawo masa a asibitin, yana da 'ya'ya, iyayensa na raye? Ki bar shi ya yi ta faɗa ko da kin taɓa ji. Sannan ki ce masa kin bincika kin gano gaskiyarsa ne, sunan maza ne a can kuma ma'anarsa ta yi miki, ki faɗa da zuciya ɗaya tunda gaskiya ce. Bayan nan ne za ki kawo damuwarki, kuma ki kawo ta a matsayin tambaya: ya za mu yi mu karrama bawan Allahn nan ba tare da yaron ya sha tsokana ba? Kinga yanzu ku biyu kuna gefe ɗaya kuna kallon matsala ɗaya, maimakon ke da shi kuna kallon juna.

Hajiya kuma, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta ɗora miki kayan da ba naki ba. Burinta ba laifi bane, mace ta rasa mijinta ga jikan fari namiji daga ɗanta, wa zai ce kar ta so a maida sunan? Ɗan fari ma a al'ada ai galibi iyaye ake yi wa kara da shi. Amma “ki lallaɓa shi kuma kar ki ce ni na ce” tarko ne ko da ba da niyya ta ɗana shi ba. In kika matsa ya sa sunan baban ba tare da ya san daga ina abin ya fito ba, ke ce kika hana shi cika alkawari. In ya sa Ilham, a wajen Hajiya ke ce ba ki iya da mijinki ba. Ki koma wajenta da ladabi ki ce Hajiya na gwada amma maganar nan ta fi ƙarfin bakina, ke ce mahaifiyarsa in kika faɗa masa da kanki ko kika sa kawu ko baffansa ya faɗa zai fi ji. Ba ki tona ta ba, ba ki kuma ɗauki dakon ba. Shi ma in ya tambaye ki kai tsaye ko Hajiya ta yi magana kar ki yi masa ƙarya, ki ce ya je ya zauna da ita ya ji ra'ayinta.

Mafitar da ni na fi gani, kuma ita zan ba ƙanwata ta ciki ɗaya: a yi wa yaro huɗuba da sunan kakansa, Ilham ya zo na biyu a takarda. Abin ma ya zo muku daidai, dan in aka sa sunan mahaifin maigida ai dole a nemi na alkunya, ba shi ba Hajiya ba mai iya kiran sunan gatsau, shi ya sa gidaje suka cika da su Abba da Baffa da Khalifa. To shi uban ya kira ɗansa Ilham a gida son ransa, makaranta da takardu su tafi da sunan farko wanda ba mai ruɗewa a kai, Hajiya kuma dama kaka ce, maigidana ko angona za ta ce tana tsokanarsa, ba wanda zai tilasta mata. In yaron ya girma ya ji labarin mutumin da ya yi jinyar babansa ya ga yana son sunan, gashi nan a satifiket ɗinsa sai ya ɗauka da kansa.

In kuma shi maigidan ya ce lallai sunan abokin ne zai zo a gaba, akwai Muhammad Ilham, wanda su kansu mutanen Indonesiya haka suke yawan haɗa shi, ki tambaye shi ma ko cikakken sunan abokin akwai wani a gaba ko a baya, sau da yawa sunayensu biyu ne ko uku, ƙila ɗayan ya zauna daram a bakin Bahaushe. Akwai Ilhami, haka Turkawa ke sa wa maza kuma ya yi daidai da yadda muke furta kalmar dama. Akwai Mulham, wato wanda aka yi wa ilhami, na maza ne a ƙasashen Sham. Ko kuma a ajiye sunan, in Allah Ya kawo mace nan gaba ta ci Ilham ba mai ɗaga gira, duk da na san wannan zai fi yi masa wuyar haɗiya tunda ɗa namiji ya ambata. Kuma ki tuna masa a hankali cewa takwara ba ita kaɗai ce hanyar saka wa mamaci ba, sadaka da sunansa tana isa gare shi, in ya bar 'ya'ya ko iyaye a riƙa tuna su da ɗan aike ko kiran waya, wannan zai fi amfanar abokin a inda yake.

To in duk an yi wannan ya ce shi dai Ilham zalla? Sai ki bar shi ƙanwata, da gaske nake. Suna ne halal mai kyakkyawar ma'ana, bai kai a shiga ɗakin haihuwa da gaba a kansa ba, Annabi Yahya ma Allah Ya ce ba a taɓa yi masa takwara ba kafin shi, rashin yawan masu suna ba aibi bane. Ke dai sai ki riƙe abu biyu. Duk inda za a rubuta sunan yaron, daga katin asibiti har takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, ke ko shi wani ya tsaya ya karanta da idonsa a tabbatar an sa namiji kuma rubutun harufan iri ɗaya ne ko'ina kafin a bar wajen. Sannan tun yana ƙarami a ba shi labarin mai sunan, yaron da ya san dalilin sunansa in aka tsokane shi yana da amsa a baki.

Kuna da kusan wata guda kafin haihuwa ga kuma kwana bakwai kafin ranar suna, amma kar ku kai shi ranar, na sha ganin gidan da ake gardamar suna rago na ɗaure liman na zaune yana jira. Ku gama a cikin satin nan ku biyu, shi ya je ya sanar da Hajiya da bakinsa. Ki kuma kula da awo, in ƙafa na kumbura ko kai na yawan ciwo kar ki ce damuwar suna ce ki zauna, ki je a duba jininki. In an sauka lafiya ki rubuto min in ji wanda aka raɗa.